Tsutsa a jikin kare: ta 'yan kwikwiyo daban, ta kunnen uwarsu daban

Wani magidanci daga Rijiyar Zaki ne ya aiko da tambaya. Ya ce karyar da ke yi musu gadi ta haihu, 'ya'yan sun kai mako 5. Tun da ruwa ya sauka sai wasu ƙuraje masu kama da maruru suka feso musu a ciki da ƙafafu, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Maigadinsa ya matsa ɗaya, sai ga farar tsutsa ta fito tana motsi. Ita kuma uwar, bakin kunnenta ya yi gyambo yana wari, ƙudaje na binta duk inda ta yi. Maƙwabci ya ba da shawarar a zuba musu fiya-fiya ko baƙin mai. Yana so ya san mene ne wannan, yaya ake maganinsa, kuma ko yaransa za su iya ɗauka.

Malam, kafin komai a ɗauke kwalbar fiya-fiyar nan a kai ta nesa. Tsutsar da ke jikin 'yan kwikwiyon ba kasafai take kashewa ba in an cire ta da wuri, amma fiya-fiya na iya kashe ɗan kwikwiyo mai mako 5 kafin la'asar. Sannan ka sani abu biyu ne ke gidanka, ba ɗaya ba. Na 'ya'yan, kai da maigadi za ku iya yin mafi yawan aikinsa a gida. Na kunnen uwar kuwa aikin asibiti ne, kuma shi ya fi gaggawa, duk da dai na 'ya'yan ya fi tayar da hankali a ido.

Ƙurajen 'yan kwikwiyon aikin wani ƙuda ne mai launin ƙasa-ƙasa da rawaya, wanda a littattafan aikinmu na likitan dabbobi ake kira Cordylobia anthropophaga, wasu kuma su ce ƙudan tumbu ko ƙudan mangwaro. Yana ko'ina a Afirka kudu da Sahara. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, wannan ƙuda ba ya sauka a jikin kare ya yi ƙwai. Macen tana neman busasshen yashi ne a inuwa, wanda fitsari ko kashi ya taɓa, ta zuba ƙwai 100 zuwa 300. Cikin kwana 1 zuwa 3 sun ƙyanƙyashe. 'Yan tsutsotsin, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu, suna iya zama cikin yashin nan kusan mako 2 ba ci ba sha, suna jiran jiki mai ɗumi. Da kare ya kwanta sai su manne, su huda lafiyayyar fata su shige, ba sa bukatar wani rauni. Kowace tsutsa da ɗakinta. Nan za ta zauna kwana 8 zuwa 12 tana girma har ta kai santimita 1 zuwa 1 da rabi, sannan ta faɗo ƙasa da kanta, ta shige cikin yashi, bayan kamar mako 2 ta fito ƙuda, a koma gidan jiya.

To ka je ka dubi inda karyar ta haihu. Ba na shakka ko dai bayan gida ne a kan ragowar yashin gini, ko ƙarƙashin bishiya, ko wani lungu da ba a yi wa daɓe ba inda rana ba ta kaiwa. 'Yan kwikwiyo nan suke kwana, nan suke fitsari, fatarsu kuma laushi gare ta. Shi ya sa ƙurajen suke fitowa a wuraren da ke taɓa ƙasa: ciki, tsakanin yatsu, cinyoyi, gindin wutsiya, haɓa, marainan namiji. Ba nonon uwar ba ne ya lalace, ba kuma mangwaro suka ci ba. Ɓeraye da gafiya ma suna ɗauke da tsutsar, su ke riƙe da ita a unguwa ko babu kare ko ɗaya. A Kano an fi ganinta daga faɗuwar ruwa a watan Yuni har zuwa kaka, sai dai gidan da ake yawan ban-ruwan fulawoyi yana iya ganinta ko da rani.

Ga yadda ake cirewa. Ka sa safar hannu ta roba, ka zauna inda haske yake, wani ya riƙe maka ɗan kwikwiyon, a kuma kulle uwar a wani wuri tukuna domin ba za ta tsaya tana kallo ɗanta na kuka ba. In gashi ya rufe ƙurjin a rage shi da almakashi. Ka duba ramin da kyau, za ka ga wani abu fari yana leƙowa yana komawa, da ɗigo biyu baƙaƙe a jikinsa. Ba idanu ba ne, ta nan take numfashi, kanta yana can ciki. Sai ka lakato basilin mai kauri ka toshe ramin, in babu basilin man kaɗanya ma ya yi. Ka ba shi minti 15 zuwa 30. Iska ta yanke mata, za ka ga ta fara turo bayanta cikin man. A nan ne za ka sa manyan yatsunka biyu a gefe da gefen ƙurjin, can ƙasa da gindinsa, ka danna ciki sannan ka turo sama a hankali. Ba a matsawa daga sama. Wadda ta ƙosa takan fito fit gaba ɗaya, wani lokaci har ta yi tsalle, ta bar rami a buɗe da ɗan ruwa-ruwa. In ta leƙo rabi ta tsaya, a kama ta da hantsaki a ja sannu-sannu, domin jikinta na da ƙananan ƙayoyi da ke riƙe nama.

Wadda ba ta wuce kwana 2 ko 3 da shiga ba, ƙurjinta ƙarami ne ja, kuma ba ta fitowa da daɗi. Kada a yi kokawa da ita. A bar ta kwana 2 ta ƙara girma a sake gwadawa. Babban abin gudu shi ne tsutsa ta fashe a ciki, domin guntun da ya rage shi ke jawo kumburi da mugunya, wani karen ma jikinsa ya yi mummunan bore. In hakan ta faru, likita ne zai ɗan buɗe wurin ya fitar da saura. Ramin da aka cire wa tsutsa a wanke shi da ruwan gishiri: ƙaramin cokalin shayi 1 na gishiri a ruwa rabin lita, wato ledar ruwan sha guda, a tafasa a bari ya huce. A zuƙa da sirinji marar allura a fesa cikin ramin. Sannan a goga aidin da aka sirka da ruwa har ya koma kalar shayi marar kauri, safe da yamma. Cikin mako guda yawanci sun rufe, ba ɗinki ba komai.

Tsutsotsin da aka cire kuwa, kada a watsar da su a tsakar gida, domin an taimaka musu ne kawai su shige ƙasa su zama ƙudaje. A tara su a gwangwani mai kananzir ko tafasasshen ruwa. Iyakar amfanin kananzir a wannan aiki ke nan, cikin gwangwani.

Na san za a ce maka ai allura ɗaya ta aibamektin, wadda makiyaya suka fi sani da Ivomec, ta gama komai. A kan irin wannan tsutsa ban goyi baya ba, a kan 'yan mako 5 kuwa na hana. Dalili na farko, in ka kashe tsutsa a cikin fata ba ka fitar da ita ba, mushe ka bari a jiki, zai ruɓe ya zama ƙurji na gaske. Na biyu, lissafi. Ta shanu da ake sayarwa a kasuwa tana da miligiram 10 a kowace mililita, ana yi wa saniya mililita 1 a kan kowane kilo 50. Kare yana ɗaukar miligiram 0.2 zuwa 0.4 a kan kilo 1. Ke nan kare mai kilo 10 rabonsa mililita 0.2 zuwa 0.4 ne kacal, ɗan kwikwiyo mai kilo 2 kuwa rabonsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na mililita ba, abin da sirinjin kyamis ba zai iya aunawa ba. Mai allurar da ya saba da raguna yakan zuƙi rabin mililita ya ce ai kaɗan ce. Bayan 'yan sa'o'i ɗan kwikwiyo ya fara tangaɗi, yawu na dalala, ƙwayar ido ta buɗe ba ya gani, daga nan sai suma. Ba a ba wanda bai kai mako 6 ba, kuma akwai jinsin karnukan Turai, irin su Koli da danginsa, da maganin ke ratsawa ƙwaƙwalwarsu ko an auna daidai.

'Yan kwikwiyon da ya kamata a ɗauka a kai asibiti su ne wanda ƙurajen suka yi masa yawa har ƙafa ta kumbura, wanda ya daina shan nono, wanda dasashinsa ya yi fari, da wanda tsutsar ta shiga kusa da ido ko cikin baki. Ɗan ƙaramin jiki ba ya jure tsutsa da yawa, ga tsutsar ciki da kusan duk ɗan kwikwiyon da ya taso a ƙasa ke ɗauke da ita tana shan jininsa.

Yanzu kunnen uwar. Yawanci abin yana farawa ne da wani ƙuda mai cizo, mai kama da ƙudan gida, da ke tsotsar jini a bakin kunne, musamman karnuka masu kunne a tsaye irin Alseshan. Wurin ya yi ɓawon jini, karya ta sosa, ya buɗe. Wari da danshin gyambon su ke kiran ƙudajen da ke yin ƙwai a kan miki, waɗannan kore da shuɗi masu ƙyalli da ake gani a bola da mayanka. Su ba ɗaki ɗaya tsutsa ɗaya ba ne. Ƙwai suke zubawa a dunƙule a bakin ciwon, kafin kwana guda ya ƙyanƙyashe, tsutsotsi su shiga ci tare. Wasu mataccen nama kawai suke ci. Amma akwai wanda ake kira Chrysomya bezziana, yana Afirka da Asiya, tsutsarsa ba ta rayuwa sai a nama mai rai, tana haƙa ciki tana yin kogo. Bakin ciwon sai ka gan shi ƙarami, a ciki kuwa an yi rami mai zurfi, ruwa mai jini-jini na fita, ga wani wari da in ka taɓa jinsa ba ka mantawa. Sauran ƙudaje kuma na ta ƙara ƙwai. A kunne haɗarin shi ne su gangara cikin ramin kunnen. Kwana 2 ko 3 sun isa a yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Don ka san girman abin: ɗan'uwan wannan ƙuda na nahiyar Amurka ya ɓulla a Libiya a 1988, hankalin duniya ya tashi don tsoron kada ya bazu cikin dabbobin Afirka. Sai da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta jagoranci ɗebo miliyoyin ƙudajen da aka mayar juya daga Meziko, ana sakinsu ta jirgin sama, kafin a ga bayansa a 1991. Ba abin da za a tara da baƙin mai ba ne.

Ka kai ta yau. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Gwale, akwai na Kundila, ga masu zaman kansu a cikin gari. Abin da likita zai yi shi ne, ya yi mata allurar barci ko ta kwantar da jiki, domin ciwon yana da zafi ƙwarai kuma ba karen da zai tsaya a tona masa kunne ido biyu. Zai aske gashin kewaye da faɗi, a nan ake gano wasu ramukan da ba a san da su ba. Zai wanke da ruwan gishiri da maganin wanke miki, ya tsince tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, ya yanke naman da ya mutu. Ba ya ɗinkewa a ranar, domin kusan kullum akwai waɗanda suka ɓuya can ƙurya, sai an sake dubawa washegari da jibi. A wannan nau'in ne maganin kashe tsutsa yake da amfani, saboda ba duka hantsaki ke kaiwa ba. Akwai ƙwayar Capstar, wadda asali ta ƙuma ce, cikin 'yan sa'o'i take sa tsutsotsin su fito ko su mutu. Akwai NexGard da Simparica da Bravecto, na kaska da ƙuma, su ma suna kashe tsutsar miki, suna kuma daɗewa a jiki, biyun farko wata guda, Bravecto mako 12. Suna da tsada, ba kowane shago ke da su ba, kuma ba a ba 'yan ƙasa da mako 8, ana kuma taka-tsantsan da kare mai farfaɗiya. Inda babu su, aibamektin a hannun wanda ya auna nauyin karen a sikeli tana aiki. Ka tabbatar ka gaya wa likitan cewa tana shayarwa, domin zai canza masa zaɓin magani. Daga nan sai maganin ƙwayoyin cuta na kwanaki, da na rage zafi, in jiki ya yi laushi a ƙara mata ruwa.

Maganar rage zafi: kada a ba ta farasitamol ko aibufurofen ko dikulofenak na mutane don tausayi. Suna huda wa kare ciki, su lalata ƙoda ko hanta.

In dare ya yi ba a samu kai ta ba, a ɗaure mata baki da takunkumi ko tsumma mai laushi, a wanke ciwon da ruwan gishirin nan, a tsince na sama da ake gani, a shigar da ita ɗaki inda ƙuda ba ya shiga. Kada a yi wasa da takunkumin. Karen da bai taɓa yi maka haushi ba zai iya cizonka in ka taɓa masa ciwo. In an yi cizo, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibitin mutane, a kuma duba ko karyar tana da takardar rigakafin haukan kare ta bana. In ba ta da ita, a faɗa wa likitan mutane a fili.

Na dawo kan abubuwan da maƙwabcin ya ce a zuba, domin su ne suka fi kawo mana gawa fiye da tsutsar kanta. Fiya-fiya da Sniper da ire-irensu guba ce da ke ratsa fata, balle buɗaɗɗen miki, balle kuma dabbar da ke lasar jikinta da na 'ya'yanta. Alamarta yawu kamar an buɗe famfo, amai, gudawa, karkarwar jiki, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya gagara. In har an riga an zuba, a wanke jikin da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankin ya sa safar hannu, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Akwai allurar atirofin da ke karya ta in an zo da wuri. Fetur da kananzir suna ƙona naman da ke ƙoƙarin warkewa. Baƙin mai na mota yana ɗauke da dattin ƙarfe mai guba, ya kuma rufe ciwon yadda likita zai sha wahalar ganin abin da ke ciki. Gaskiya ne duk suna sa tsutsa ta fito, shi ya sa mutane suka yarda da su, amma garin neman gira ake rasa ido. Shi kuwa feshin nan mai launin shuɗi ko shunayya da ake sayarwa a shagunan maganin dabbobi, ba laifi a bayan an cire tsutsa, sai dai ba ya maye gurbin cirewar.

Duk wannan aiki zai tashi a banza in 'yan kwikwiyon suka koma kan yashin da suka baro. A mayar da su kan siminti, a shimfiɗa musu katako ko buhu da ake wankewa a shanya a rana. Tsohon makwancin a kwashe saman yashinsa a fitar, a zuba tafasasshen ruwa, a bari rana ta dake shi. Kashi a kwashe kullum, wurin fitsari a wanke. In za ka kashe kuɗi a abu guda, ka yi wa makwancin karen daɓen siminti mai ɗan gangare. Ya fi duk wani feshi da za ka saya. Ka ci gaba da shafa jikin 'yan kwikwiyon da hannu kowace safiya har mako 2, domin waɗanda suka shiga jiya ba za su nuna ba sai nan da kwanaki.

Game da yara: tsutsa ba ta tashi daga jikin kare ta koma jikin yaro. Amma yashin da ya ba kare shi zai ba yaro, in yana zama a kai ba wando. Hanya ta biyu ita ce shanya. Ƙudan yana yin ƙwai a kan tufafi masu danshi, musamman waɗanda aka baza a ƙasa ko a inuwa, da wanda warin fitsari ko gumi bai gama fita ba, irin su nafkin, zanin goyo da kayan ciki. A yi shanya a igiya cikin rana sosai, a kuma goge kayan yara da dutsen guga mai zafi ciki da bai, har kan ɗinki da ƙugun wando. In ka ga yaro da maruru mai rami a baya ko ɗuwawu yana cewa wani abu na motsi a ciki, ita ce. A kai shi asibiti, dabarar cirewar iri ɗaya ce.

Akwai abin da nake yawan gani a garin nan wanda ya sa ciwo irin na karyarka ke kaiwa ga wari kafin a lura. Muna ajiye kare don gadi, amma ba mai son taɓa shi. Yana ɗaure a bayan gida, a miƙa masa abinci daga nesa, a sake shi da dare. Maigida bai san jikinsa ba, uwargida ba ta zuwa wurin, maigadi kuma ba a ce masa duba kare na cikin aikinsa ba. Wanda ke ƙyamar yawun kare saboda tsarki, safar hannu ta raba gardama, a wanke hannu bayan an gama. Amma dole a samu mutum ɗaya a gidan da zai duba kunne, ƙarƙashin wutsiya, tsakanin yatsu da wuya, ko da sau biyu ne a mako da damina. Wuya na ambata da gangan: sarƙa ko waya da aka ɗaura tun kare na ƙarami, ya girma ba a sassauta ba, takan nutse cikin nama, kuma tsutsar da ake samu a ƙarƙashinta na cikin mafi muni da nake gani. Haka raunin faɗa lokacin barbara, da na masu yanke wa kare kunne ko wutsiya da reza, da karya bayan haihuwa in ba a goge mata baya ba, da tsohon kare da ke kwana cikin fitsarinsa, da masu dogon gashi da ake shigowa da su daga ƙasashen sanyi waɗanda gashinsu ke dunƙulewa ya ɓoye komai. Bayan Babbar Sallah kuma, in jini da kayan ciki suka kwana a lunguna, ƙudajen nan kan ninka.

In kunnen ya fara warkewa za ta so ta sosa da ƙafar baya ta mayar da aiki baya. A sa mata kwalar roba. In ba a samu ta saya ba, a yanke gindin ƙaramin bokitin roba, a rufe bakin yankan da tsumma, a zura mata a wuya a ɗaure da abin wuyanta. Bakin kunnuwan kuma a riƙa shafa musu basilin mai kauri ko man korar ƙuda na karnuka kowace safiya har damina ta wuce, da rana kuma ta wuni a wuri mai raga. In akwai kyanwa a gidan, a karanta jikin man: duk mai ɗauke da sinadarin fametirin yana kashe kyanwa. 'Yan kwikwiyon kuma, ranar da ka kai uwar ka tafi da su a kwali, a auna su a ba su maganin tsutsar ciki, a sa musu ranar rigakafin farko a mako na 6, na haukan kare kuma in sun cika wata 3.